Bindigar da Na Saya Ban Karɓi Ragi Ba

Kun daɗe kuna ba da labarin nan a gabana kamar ba na wurin. Duk sallar da aka taru a gidan nan na Sterling, a jihar Virginia, da an ci an ƙoshi sai 'yar'uwarku Safiya ta ɗauko shi: wai Baba, mutumin da ya tsufa yana sayen motoci a gwanjo yana tura su gida ba a taɓa cin sa a ciniki ba, ranar da ya je sayen bindiga Bature ya yi masa ragi ya ce ba ya so. Ku yi ta dariya, jikoki su taya ku ba su san abin da ake wa dariyar ba, ni kuma in ci gaba da shan shayina. Abin da Safiya ta gani da idonta gaskiya ne, haka aka yi. Sai dai daga tsakiya ta shigo labarin, shi ya sa zan rubuta muku shi daga farko tun hannuna yana iya riƙe biro.

Shekarar da auren yayanku ya mutu ce. Ba zan shiga dalilin ba, ba nawa ba ne, kuma yarinyar 'yar mutunci ce har gobe. Abin da ya shafe ni shi ne yadda ya koma bayan rabuwar. Ya kama ɗaki shi kaɗai kusa da wurin aikinsa, irin manyan gine-ginen nan marasa taga da ke cike da na'urori a hanyar filin jirgi. Daga gidanmu zuwa can ba wani nisa, amma ya daina zuwa. Da farko yakan ce aiki ne ya yi yawa, daga baya ya daina ba da dalili. Ni na san dalilin. Duk zuwan da zai yi sai ya tarar da wata ƙawar mahaifiyarku a falo ta tambaye shi ina aka kwana a maganar sulhu, in kuma masallaci ya je, wani dattijo ya riƙe masa hannu ya ce yana da 'yar ƙanwa a Silver Spring, mai hankali, ta gama karatu. Mahaifiyarku ba ta fasa dafa dambun shinkafa ranar Asabar ba, don shi ya fi so. Takan zuba nasa a kwano ta rufe, da la'asar ta sa a firij, ranar Lahadi ni in cinye.

Ni kuwa ba ni da hanyar zuwa wurinsa, kuma wannan sai na yi muku bayani don a nan kuka tashi. Ɗan fari ne. Yadda aka rene mu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya yabonsa a bainar jama'a. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Haka mahaifina ya yi da ni, ban kuma taɓa shakkar yana sona ba, domin a garinmu kowa ya san ma'anar wannan shirun. Amma yaron da ya yi makaranta a Virginia, yana ganin uban abokinsa ya rungume ɗansa a bakin filin ƙwallo don kawai ya buga ta shiga, wa zai fassara masa shirun ubansa? Ku ƙannensa na ɗauke ku a kafaɗa, na kira sunayenku har da na tsokana. Shi kuwa tsakanina da shi sai "ka ci abinci?" da "motar tana lafiya?"

Ana nan sai bakin Safiya ya suɓuce ta ce ai yaya ya sayi bindiga, wani abokin aikinsa ne ya koya masa, duk Asabar yana zuwa gidan harbi. Mahaifiyarku ta ajiye ludayi ta zo ta tsaya a kaina ina duba motocin gwanjon sati a waya.

"Alhaji, mutumin da matarsa ta tafi, ba ya magana da kowa, ya kuma ajiye bindiga a ɗaki. Kai kana nan kana kallon motocin da suka yi haɗari."

"To in je in ƙwace? Ai ba yaro ba ne."

"Ban ce ka ƙwace ba. Ka je ka ga abin da yake yi da ita. Kai da kake gane motar da ambaliya ta ci daga warin kujera, ɗanka ne zai gagare ka?"

Na kira shi na ce ranar Asabar ya biyo ya ɗauke ni, ina so in ga wurin. Ya ce to.

Gidan harbin wani dogon gini ne a bayan wuraren gyaran motoci. Daga gaba kanti ne, bindigogi jere cikin gilashi kamar agogo, daga ciki kuma aka yi layi-layi, kowa da ɗan akurkinsa, yana harbin takarda mai zobba da ke rataye can nesa. Aka ba ni abin toshe kunne da tabarau. Ban fi minti kaɗan a ciki ba na ga abin da ban taɓa gani ba: yayanku yana ba ni umarni. Ya nuna mini cewa bakin bindiga kullum gaba yake kallo, ko da ka tabbata ba komai a ciki, kuma yatsa ba ya taɓa kunama sai ka shirya harbi. Na ce na ji. Da ya miƙo mini ita, irin na mai duba kaya, sai na fara juya ta ina so in ga ƙasanta, yatsana kuma ya shige inda aka ce kada ya shiga. Ya cafke mini wuyan hannu ya mayar da shi gaba, ya ce da Hausarsa ta 'yan nan, "Baba, cire yatsa." Na cire. Rabon da hannunsa ya taɓa nawa in ba gaisuwar salla ba, tun yana ƙarami ina tsallakar da shi titi.

A hanyar komawa shi ya yi ta magana, yawanci da Turanci, yana gaya mini dalilin da ya sa harbina ke sauka ƙasa ta hagu. Ni ban damu da inda yake sauka ba, sauraron muryarsa nake yi. Da na shiga gida na ce wa mahaifiyarku ta kwantar da hankalinta. Yaron nan ba abin da take tsoro yake nema ba. Wuri ya samu inda kowa ya toshe kunnensa, ba mai tambayarsa ina matarsa.

Na koma Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Haya nake yi, kowane zuwa a ba ni wata daban, har yayanku ya ce haya ba ta koya wa mutum komai, in da gaske nake in sayi tawa hannuna ya saba da ita. Ya ware mini guda biyu. Dukansu manya ne a cikin ƙananan bindigogi, ba irin waɗanda ake ɓoyewa a ƙugu ba, don harbin takarda dogon baki da cikakken mariƙi ake so. Dukansu kuma kowane ja harsashi ɗaya ne, ita da kanta take ɗora na gaba. Daga nan suka rabu. Ɗaya jikinta na roba ne mai tauri, baƙa, ba ta da nauyi, ba ta da ado, jan kunamarta iri ɗaya ne daga na farko har na ƙarshe, kuma in za ka wanke ta, kashi kaɗan take rabuwa, ko makaho ya mayar. Ɗayar ƙarfe ce zalla, tsohuwar ƙira, an taɓa amfani da ita amma mai ita ya riƙe ta da kyau. Tana da 'yar guduma a baya, da wani ɗan maɓalli na sauke gudumar lafiya, jan farko dogo ne mai tauri, na biyu kuwa kafin ka ce me ta tashi. Nauyinta yana shanye shurin da bindiga ke yi, amma yana gajiyar da hannun tsoho. Irinta yayanku yake da ita. In yana maganar ta roba, bayani yake yi kamar mai karanta takardar magani. In ya zo kan ta ƙarfe sai ya gyara tsayuwa, ya ce in saurari ƙarar da murfinta ke yi in ya koma, in ji yadda take zama a hannu.

Kantin yana da irin kowace a cikin na haya, don haka na gwada su sosai, wannan Asabar wannan, waccan Asabar waccan. Zan gaya muku gaskiya, ta roba ta fi karɓa ta. Da ita ramukan da nake yi a takarda suna taruwa wuri guda kamar tafin hannu. Da ta ƙarfe kuwa harbin farko kullum sai ya tafi yawonsa, saboda taurin jan nan, sauran su biyo a warwatse. In kuma da idon kasuwa ne, ba ma sai an yi dogon tunani ba. Ta roba kamar ƙaramar motar Japan ce: ga araha, ga kayan gyara ko'ina, ranar da ka gaji da ita kafin azahar ka sami mai saye. Ta ƙarfe kuwa tsohuwar motar Jamus ce, wadda sai mai sonta. Da wani abokin ciniki ne ya nemi shawarata, da ban bari ya taɓa ta ƙarfe ba.

Amma ni ba bindiga na je saye ba. Na zauna na yi lissafina yadda na saba. In na ɗauki ta roba, wata ɗaya ya ishe ni in iya ta, in iya wanke ta, daga nan ba ni da abin da zan tambaye shi. Zai ga ya sauke nauyi, ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya zo don kawai ina so in gan shi, ba a koya mini wannan maganar ba. Ta ƙarfe kuwa ja biyu ne sai an koya, ga guduma, ga maɓalli, ga wanki mai ƙananan abubuwa. Wannan koyo ne na shekara, in mutum ya iya jan ƙafa ma ya fi. Kuma wankin ba a gidan harbi ake yi ba, sai an zo gida, a gareji, a kan teburina, ƙofar kicin tana buɗe ƙanshi yana shigowa. Na yanke shawara ta ƙarfe zan saya, ban gaya wa kowa ba.

Ranar sayen muka tsaya gaban mai kantin, wani Bature mai farin gemu da tabarau a goshi, ya fito da su biyun ya shimfiɗa a kan ƙyalle. Tunda ta ƙarfen ba sabuwa ba ce, na san akwai wurin magana a farashinta. Sai na yi abin da nake yi tun ina sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa: kayan da kake so shi kake kushewa. Na ɗaga ta na ajiye na ce wannan ai taɓarya ce, wa zai iya riƙe ta. Na ce yayinta ya wuce, ba mai sayen irin wannan yanzu sai wanda bai san ciwon kuɗinsa ba. Na nuna ɗan gogewar da ke gefenta na girgiza kai. Na jawo ta roba na yi ta shafa ta ina cewa ga kayan masu hankali. Baturen ya san wasan, na ga gemunsa yana motsi, ya fara saukowa. Ina cikin jin daɗin cinikin ban lura da yayanku ba, sai da na ji muryarsa a gefena, a hankali, da Turanci.

"To ka sayi ta robar, Baba. Ita ba ka buƙatar kowa ya koya maka. Ina mota."

Ya fita. Na tsaya da bindigar mutane a hannu. A duniyarsa, mutum ya yi makonni yana nuna maka abin da yake ƙauna, kai kuma ka tsaya gaban baƙo ka ce sai wawa ke sayensa. Bai taɓa raka ni gwanjo ba, bai taɓa ganin ina ciniki ba. Na ce wa Baturen zan dawo. A mota na buɗe baki in yi bayani sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya canza man injin. Ya ce ya canza. Ya ajiye ni a ƙofar gida bai shigo ba, Asabar ta gaba kuma ya aiko wa mahaifiyarku saƙo cewa yana da aiki.

Na gaya mata yadda aka yi. Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da take yi wa tukunyar da ta kama, sannan ta ɗauki waya ta kira shi ta sa a bayyane, ina zaune ina ji. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, amma ta fi ni dabarar zagaye kunya.

"Babban mutum, zan tambaye ka. Gidan nan da ka tashi a ciki, ka san abin da ubanka ya ce ranar da muka zo dubawa? Ya ce rufin yana yoyo, unguwar kuma ba ta da kyau. A mota ya ce mini ko nawa ne sai ya saya. Ni kaina da ya zo nemana, ce wa yayana ya yi na cika tsawo, kuma an ce ban iya tuwo ba."

"Mama, wannan daban ne."

"Ba daban ba ne. In ka ji ubanka yana yabon abu, barinsa zai yi. Wanda ya kushe shi zai kai gida. Ka zauna ka tuna wa ya fi kushewa a cikinku."

Na ce mata ta kashe wayar nan haka. Ta ce ai ta gama.

Bai kira ba, bai kuma zo ba. Sai na ga saura nawa aikin. Motata tana wurin gyara a satin, shi ya sa na ce Safiya ta kai ni kantin, kuma ta haka ta shigo labarin. Baturen ya gane ni, ya fito da ta ƙarfen tun ban tambaya ba, ya ce farashin da ya sauko mini rannan yana nan. Na ce a'a, abin da aka rubuta a jikinta zan biya. Ya ɗauka ban ji Turancin ba, ya maimaita a hankali. Safiya ta taka mini ƙafa ta ce da Hausa, "Baba, ragi fa yake yi maka." Na ce na ji. Ragin nan da zagin abin da ɗana yake so na same shi, in na karɓa na sayar da maganarsa ke nan, kuma da arha. Ban iya faɗa mata haka a lokacin ba, na dai ce ta bar ni. Aka yi binciken da doka ta ce a yi, na sayi akwatin ƙarfe mai makulli, muka sa a but ɗin mota muka taho tana ta kallona ta gefen ido ko zafin rana ne ya taɓa ni.

Da na isa gida na ɗauki hoton akwatin a buɗe a kan teburin gareji na aika wa yayanku, na rubuta a ƙasa: "Na kasa kwance ta." Ranar Asabar da hantsi na ji tsayuwar motarsa. Ya shigo garejin ya ɗauki bindigar ya duba ya tabbata ba harsashi a ciki, ya juya ta, ya ga takardar farashin da na bari a jiki da gangan, ya ga rasit a gefe. Ya dube su ya dube ni. Ya jawo kujera ya zauna ya fara nuna mini inda ake dannawa. Da azahar mahaifiyarku ta leƙo ta ce abinci ya sauka, kamar kullum yana nan, ya tashi ya wanke hannu.

Abin da zaɓin ya ci mini ba ragin ba ne kawai. Ban taɓa zama gwani ba. Har yau harbina na farko yawo yake tafiya, kuma duk ranar da muka je, da dare sai mahaifiyarku ta shafa mini man zafi a wuyan hannu tana cewa tsoho da wasan yara. Akwai wani likita ɗan Zariya da muke haɗuwa a can, ya sayi irin ta robar bayan na ba shi shawara, cikin 'yan watanni ya wuce ni, yana kuma tsokanata wai dillali ya zaɓa wa wani mai kyau ya bar wa kansa taɓarya. Nakan ce masa haka kasuwa take. Amma Asabar ta zama tamu. Mu je mu harba, mu dawo gareji, ya kwance ya goge yana yi mini bayani, ni ina ɓata tsarin ƙananan abubuwan ina tambayar wanne ke shiga kafin wanne. A kan teburin nan, idonsa yana kan tsumma ba a kaina ba, ya gaya mini abubuwan da suka faru a aurensa waɗanda ko mahaifiyarku bai gaya wa ba, ba kuma zan rubuta su a nan ba. A nan kuma, da lokaci ya yi, ya fara ambatar wata malamar makaranta a Landover, wadda yanzu 'ya'yanta ke hawa kafaɗata.

Wata Asabar, an fi shekara ana haka, bindigar tana kwance a warwatse a kan tebur sai mahaifiyarku ta kira shi ya sauke mata buhun shinkafa daga mota. Ya fita. Ni kuma hankalina ya tafi kan wata mota da ta maƙale a tashar jirgin ruwan Baltimore, hannuna ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana kwance kafireton mota a kan tabarma, wannan ai ba komai ba ne, tun watan farko na iya. Kafin in farga na haɗa ta tsaf, na ja murfin ya koma da ƙarar nan da yake so. Na ɗaga kai sai ga shi tsaye a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa, yana kallona. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya shiga da buhun kicin ya dawo. Ya zauna, ya jawo bindigar, ya sake kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tsumma ya turo gabana.

"Baba, ba haka ake yi ba," in ji shi. "Bari in nuna maka."

Na gyara tabarau na ce to, nuna mini.